Hatsin Gindin Turmi

Jatau ya shigo Gusau da hantsi, kwana na biyu ke nan da barinsa Tsafe, ƙafafunsa sun yi faso, wuyansa ya ƙage. A kansa akwai burgami na fatar akuya, cikinsa gero ne da bai wuce mudu huɗu ba. Ba na ci ba ne, iri ne. Yunwar bara ta sa mutanen Rawayya sun cinye har abin da suka ware don shuka, shi ya sa ya taka har Tsafe wurin ƙanwarsa Rabi, ita kuma ta yi ta roƙon mijinta har ya kankaro masa daga ƙasan rumbu. Matarsa Luba na gida da 'ya'ya uku, an yi sharar gona an ƙone, ruwa kawai ake jira da abin da za a jefa a rami.

Niyyarsa ya wuce kai tsaye, amma bazara ta ce ba ta san zancen ba. Rana ta yi zafin da ko jaki sai an doke shi kafin ya bar inuwa. Wani mai sayar da igiya a bakin kasuwa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce in ya kama hanyar Rawayya a haka gawarsa za a tsinta. Ya nuna masa gidan Inna Yelwa kusa da gulbi, inda fatake ke sauka su huta.

Gidan na da ƙa'idar da kowane falke ya sani. Kayan ajiya a rumfa ake kai su. Hatsin da baƙo ya ajiye a gindin turmi kuwa na guzuri ne, za a daka masa shi duka, tsohuwa mai gidan ta riƙe dusa da cikin tafi ɗaya na garin ladan wahalarta. Ba a tambaya, don tambayar baƙo ko yana da abin ci tozarta shi ne. Jatau manomi ne, tafiyarsa mafi nisa kafin wannan ita ce kasuwar Bungudu. Ya yi sallama, aka amsa, ya ga inuwa mai kyau a gindin turmi, ya sauke burgaminsa a nan. Ni dai ban ga laifinsa ba, wanda ya yi kwana biyu da kaya a ka ba ya zaɓen wurin saukewa.

Wani falke mai suna Bawa, da ke jiran rana ta yi sanyi ya kora jakunansa na gishiri, shi ya ja shi zuwa gulbi. Ruwan ya janye, sai ɗan kududdufi tsakanin duwatsu, amma ga Jatau ya isa. Ya zauna a ciki har wuya, ya daɗe bai fito ba. Da suka dawo aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin ɗurumi, aka kawo ruwan randa mai sanyi da man kaɗanya ya shafa wa fason ƙafarsa. Wanzami ya biyo, Bawa ya sa aka yi musu aski su biyu. Tun da uwarsa ta rasu ba wanda ya taɓa yi wa Jatau hidima irin wannan, har kunya ta kama shi.

Daga cikin gida ya fara jin lugude, taɓare biyu na amsa wa juna. Ya lumshe ido yana saurare, abin ya yi masa daɗi ƙwarai, don an fi shekara rabon da ya ji ana daka da ƙarfi haka a Rawayya. Bawa na ba shi labarin Nasara da hanyar da suke sa mutane sharewa, shi kuwa barci ya riga ya ɗauke shi.

Bayan azahar aka tashe shi da ƙwarya cike da fura, an dama ta da nonon da wata Bafillatana ta kawo da safe. Ya yi bisimilla ya kafa kai. Citta da masoro suka ratsa shi, gumi ya karyo masa, ya sha har sai da cikinsa ya ɗaure. Ya ce wa Bawa bai taɓa shan fura irin wannan ba, mutanen Gusau dai Allah ya ba su. Bawa ya yi dariya ya ce ai kyan fura daga hatsi yake. Jatau ya yi salla ya koma ya kwanta, gajiyar shekara guda na fita daga ƙasusuwansa a hankali.

Iska ce ta tashe shi da la'asar. Ta juyo daga gabas, mai sanyi, da ƙanshin ƙasa a cikinta, can ƙasan sama kuma hadari ya fara haɗuwa. Ya miƙe zumbur. In ya kama hanya yanzu zai kwana a gida, gobe da sassafe shi da Luba su shiga gona da sungumi.

Burgaminsa na nan inda ya bar shi, an ɗaure bakinsa da kyau. Ya ɗaga, ya ji ya yi laushi a hannu. Ya kwance. Curin fura ne jere a ciki, an barbaɗe su da gari don kada su manne, har da ɗumi-ɗuminsu.

Inna Yelwa ta fito tana goge hannu a zaninta, tsohuwa ce ramammiya, ita ma a gajiye take. Ta ce rabonta da ganin gero mai manyan idanu haka tun kafin yunwa, shi ya sa ta ƙara masa kayan yaji daga nata, ta daka shi tas ba ta bar ko tsaba ba. Ta ce zai kai shi kwana uku bai lalace ba.

Jatau ya yi mata godiya. Ya ma maimaita godiyar sau biyu. Sai ya durƙusa a gindin turmin, ya kori kaji, ya shiga tsince ƙwayoyin da suka fallatsa cikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a tafin hannunsa.

"Mi kaka biɗa nan, baƙona?" in ji tsohuwar.

Bai ɗago ba. "Iri na, Inna. Shi za mu shuka bana."

Ta dubi turmin, ta dubi hannuwanta. Ba ta ba shi haƙuri ba, ta san haƙuri ba ya tsira a gona. Ta dafa gwiwa ta durƙusa kusa da shi da ƙyar, ita ma ta fara tsinta. Suna nan a durƙushe yayyafi ya fara sauka, abin da suka tara su biyu bai cika ludayi ba.