Giɓi a Fayil ɗin Ɗakin Sanyi

Kifi nake sayarwa, kuma a kan ɗakin sanyi ban yarda da kowa ba. In sanyi ya ɗauke, kaya ya tashi aiki. Shi ya sa da 'yata ta gama karatun kwamfuta na ce ta yi min mai gadi marar baki. Ta liƙa ma'auni a bangon ɗakin, ta rubuta manhajar da ke ɗauko awon sanyin tana zubawa a wani fayil mai gidaje-gidaje, layi bayan layi. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina gane lamba.

Kullum da rana sai in hau ofis, in buɗe fayil ɗin, in zauna ina kallo. Nan na lura da giɓi. Safiya cike take, yamma ma haka, amma tsakar rana wayam. Wa ke kula da janareto a lokacin? Dogo, ƙanin matata. Na ce lallai kashewa yake yana tsiyaye man dizal, ma'aunin ya mutu tare da wutar.

Na kira shi. "Kawo makullin janareto. Gobe kada ka zo."

"Yaya, wasan ne yau kuma?"

"Ka ga haƙorina a waje?"

Ya ajiye makullin, hannunsa na warin kifi. "Ni na sha man ne, ko wanka na yi da shi?"

'Yata ta shigo a kan haka. Ta leƙa kwamfutar ta ce, "Baba, yaushe kake buɗe fayil ɗin?"

"Da rana."

"To in yana buɗe, manhajar ba ta iya rubutu a ciki. Kai kake tare mata ƙofa."

Na dube ta. Dogo kawunta ne, shi ya goya ta tana ƙarama. Me zai hana ta rufa masa asiri? Na ce sai na gwada da kaina.

Washegari na rufe fayil ɗin, na ɗauki kujera na zauna gefen janareto. Da yamma na duba fayil ɗin, layin tsakar rana ya cika. 'Yata ta ce, "Ka gani?" Na ce ban ga komai ba. Dogo ba ya nan, wa zai kashe?

Sai na juya gwajin. Na bar fayil ɗin a buɗe, na kulle ofis, makulli a aljihuna, na koma gefen janareto yana ruri har kunnena ya toshe. Da na hau na rufe na sake buɗewa, ga giɓin nan wayam.

Na aika a kira Dogo, na miƙa masa makullin. Ya ƙi karɓa.

"A gaban yayata za ka ba ni, ka faɗi abin da ka ce na yi."

Ban so ba. Amma motar kifi na hanya, kuma ba wanda ya iya janareton nan sai shi. Na ce ya wuce mu tafi gida.