Kwanon da Ke Dawowa Wankakke

Baraka ta miƙa kwanon dambu ta saman katanga, kamar kullum.

"Ladi! Amshi, na ɗiyata ne. Har ƙuli na sa mata."

"Azumi take, Yaya Baraka," in ji Ladi, maƙwabciyarta.

"Yau Laraba hwa!"

"Wai ramuwa ce."

Ramla ɗiyar Ladi ce, amma tun tana rarrafe take cin girkin Baraka, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Da can Ramla yarinya ce mai kumatu, har 'yan ajinsu suka laƙaba mata Buhun Gero. Daga nan ta kama azumin Litinin da Alhamis, ta zo ta haɗa da sauran ranakun. Matan Ƙofar Kwaya suka yi ta yabo, yarinya mai ibada. Kwanon Baraka kuwa wankakke yake dawowa bayan magariba, sai hankalinta ya kwanta.

Da wuyan Ramla ya koma kamar sillen kara, aka ba ta rubutu, aka yi hayaƙi, aka sayo sha-ka-fashe a kemis. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya aka kai ta asibiti.

"Ba aljanu ba ne, Hajiya, ba kuma ciwon ciki ba," in ji likita. "Cuta ce mai kama tunani. Tsoron ƙiba ke hana ta ci. Ko yanzu ta duba madubi, ƙatuwa za ta gani. Yunwa ta riga ta taɓa zuciyarta."

"Ai tana cinye abincina," in ji Baraka.

Likita ya wuce gado na gaba.

Baraka ta zauna bakin gadon Ramla da kofin kunu. Hannun Ramla sanyi ƙalau, gashinta duk ya zube a kan matashi.

"Cokali guda, uwata. Don Allah."

"Inna Baraka, dubi cinyata hwa. Bari ta ɗan ragu tukuna."

Baraka ta duba. Ƙashi ne cikin zane.

Washegari da hantsi Ramla ta cika.

Bayan an kai ta, Baraka ta zaga bayan ɗakin yarinyar ɗauko tabarma don masu gaisuwa. A lungun ta tsaya. Ga busasshen tuwo manne da bango, ga ɓurɓushin dambu, ga zogalenta. Kajin Ladi, ƙosassu, suka sheƙo da gudu suka kewaye ƙafafunta, suna ɗaga kai, suna jira.