Amalanken Kanshaw

Shekara goma sha ɗaya Zuriyet ta yi a gidan Kanshaw ba ta taɓa yi masa magana ba. Ba gaba suke yi ba. Haka Sharkasawa suke, matar ɗa ba ta buɗe baki a gaban surukinta, ba ta kama sunansa, ba ta zama in yana tsaye. In yana son ruwa sai ya faɗa wa bango, ita kuma ta kawo ta ajiye ta ja da baya.

Tarihin gidan kuwa ta haddace shi, don duk baƙon da ya ci tuwon gidan sai ya sha labarin. Kanshaw yana saurayi Rashawa suka kore su daga duwatsun Kafkas. Inda suka fara yada zango ma yaƙi ya sake tayar da su, kuma a cikin jirgin ruwa ciwo ya kashe masa mata da 'ya'ya biyu, aka jefa su a teku. Gwamnatin Turkawa ta ba su wani tudu gabas da kogin Urdun, wurin da ake kira Ain Tarfa, ba komai a wurin sai idon ruwa guda da duwatsu. A kogo suka yi hunturun farko. Da bijimai biyu ya riƙa tumɓuke duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya har ƙasa ta bayyana. Larabawa makiyaya, waɗanda kakanninsu ke shayar da raƙuma a idon ruwan tun kafin a san da shi, suka zo suka ce wurinsu ne. A rigimar ya rasa yatsu biyu, su kuma suka rasa mutum. Daga baya ya sake aure, ya haifi Tembot da Bater, uwarsu ta rasu, gona ta yi ta faɗi.

Tembot shi ne mijin Zuriyet. Mutum ne mai son raha, abin da ubansa yake ɗauka rashin nauyi ne.

Da aka buga gangar babban yaƙi, rana ɗaya aka kwashe Tembot da Bater. Ba a rufa shekara ba takarda ta zo cewa Bater ya mutu a hamada. Soja suka bi ƙauyuka suna kwashe dawaki da alfadarai, amma suka bar wa Kanshaw bijimansa da amalankensa, saboda shi ke yi musu jigilar alkama zuwa tashar jirgin ƙasa. Sai fara ta sauka ta cinye duk wani kore, yunwa ta biyo baya. Zuriyet ta aika ɗanta ɗaya tilo, Hazret, wurin yayanta a wani ƙauye da ke da awaki, ta zauna daga ita sai tsohon.

Mayunwata suka fara ratsowa daga arewa, iyali iyali, ƙafa ba takalmi. Kanshaw yana da hatsi a ramuka uku da ba wanda ya san bakinsu, amma bai taɓa ba kowa kyauta ba. Sai ya jera su a sabon filin da yake son sharewa, su wuni suna tsintar duwatsu, da yamma Zuriyet ta zuba musu kunun sha'ir ludayi guda guda. Wata rana wani dattijo ya kife a tsakiyar layi da dutse rungume a ƙirjinsa. Kanshaw ya taɓa shi da ƙafa, ya ce wa sauran su kai ƙarshen layin tukuna, mamaci ba sauri yake yi ba.

A shekara ta uku, alkama ta fara yin ja, Zuriyet ta je ɗiban ruwa da tsakar rana lokacin da ba kowa a idon ruwan. Ta tarar da wani mutum zaune a gindin dutse cikin tsummokara, ƙudaje sun rufe wani ciwo a cinyarsa. Ta ɗauka cikin mayunwatan nan ne, har ta kawar da kai. Sai ya ce mata tulun nan har yanzu yana yoyo, ashe ba wanda ya liƙe shi. Ta saki tulun.

"Kada tsoho ya ji," in ji Tembot. Abin da ya fara roƙonta ke nan.

Daga Gaza ya gudo, bayan an yi kwana uku ana yi musu ruwan igwa. Wata biyu yana tafe, yana ɓuya a kwazazzabai, yana cin ciyawa. Ta tallafe shi ta bi da shi ta bayan gonaki zuwa kogon nan da ke ƙarshen gonar, wanda yanzu kara kawai ake tarawa a ciki. Kullum in tsohon ya fita da amalanke sai ta ƙulle tuwon gero da cuku a gefen zane ta kai masa, ta wanke ciwon da ruwan gishiri. Yana cije baki yana ba ta labarin miyar soja, wai in mutum ya tsinci ƙwayar wake a kwanonsa sai abokansa su zo su yi masa barka. Ya tambayi Hazret, ko ya fara hawan doki, ko har yanzu yana tsoron zakara. Shirinsa shi ne da zarar ƙafar ta ɗauke shi ya nausa gabas, ya fake wurin Larabawan hamada har yaƙi ya ƙare.

Kwana tara suka samu. Karen gidan ne ya tona su. Tun da ya sansano ubangidansa ya daina kwana a ƙofar gida, ya koma bakin kogo ya kwanta. Kanshaw bai tambayi kowa ba. Ran na goma ya yi kamar ya tafi tasha, ya ɗaure bijiman a kwari, ya dawo da ƙafa.

Zuriyet na ɗaure ciwon sai ta ga haske ya ragu a bakin kogo. Tembot ya dafa bango ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, don ɗa ba ya zama a gaban ubansa. Tsohon ya daɗe yana dubansa. Bai yi masa sannu ba. Ya tambaye shi ina bindigarsa, Tembot ya ce ya musanya ta da gurasa. Sai tsohon ya shiga faɗa wa bangon kogo abin da kowa ya sani: a ƙauyen da ke ƙetaren kwari an kama ɗan gudun soja a gida biyu, an ƙone gidajen, an kore shanun, an tone ramukan hatsi, matan gidan yanzu bara suke yi a tasha. Ya juya ya fita.

Ta bi shi a guje. Ta same shi ya sa doguwar rigarsa ta zuwa gaban hukuma, yana ɗaura wuƙa a ɗamara. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya.

"Baba," ta ce, duk da ba ta san yadda ake yi masa magana ba. "Kwana goma kawai. Ƙafar ta fara haɗewa. Zai tafi, ba wanda zai san ya zo."

"Ashe kina da murya," in ji shi.

"Shi kaɗai ya rage maka."

"Kare ya sani. Gobe maƙwabci zai sani, jibi jandarma. Shekara arba'in na yi ina tonon dutse a nan, ba zan koma kogo ba saboda wanda ya sayar da bindigarsa ya ci gurasa. Gonar nan ta ɗanki ce. Matsa."

Ta ƙi matsawa. Ya ture ta da hannun nan mai yatsu uku, ƙeyarta ta bugu da dokin ƙofa, ya wuce.

Kafin ta farfaɗo ta kai kogo ta ja Tembot zuwa kwari, jandarmomi huɗu, 'yan sandan Turkawa, sun iso. Ba su yi nisan jifa ba aka cim musu.

Kanshaw ya tafi ne da lissafinsa. Sajen jandarma na yankin mutuminsa ne, ya sha cin cukun gidan, kuma sun yi magana cewa bulala hamsin za a yi wa yaron a mayar da shi fagen fama. Abin da bai sani ba shi ne wani sabon hafsa ya sauka daga Dimashƙu da umarnin a yi maganin masu gudu. Saurayi ne fes, mai taushin murya, kullum da hankici mai ƙamshi a hanci saboda tsoron annoba. Da ya ji ɗan Basharkashe ne, kuma uban ne ya kawo ƙara da kansa, sai ya ce ba a taɓa samun darasi mai kyau irin wannan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka tara ƙauyen duka a masussuka, maza da mata. Hafsan ya kira Kanshaw gaba, ya yaba masa a bainar jama'a, ya ce da kowane uba haka yake da tuni an kori Turawan Ingila. Kanshaw ya fara maganar bulala hamsin, saje ya sunkuyar da kai. Hafsan ya ce a kawo amalanke. Babu wani a ƙauyen sai guda ɗaya.

Aka tsayar da shi ƙarƙashin babban itacen da ke bakin masussuka, aka ɗora Tembot a kai, aka zarga masa igiya. Mata biyu suka riƙe Zuriyet, ɗaya tana ƙoƙarin rufe mata ido, Zuriyet ta cije hannun. Wani soja ya kama igiyar bijiman ya ja, suka ƙi motsi. Ya zabga musu gindin bindiga, suka karkaɗa kunne kawai. Ba su san muryar kowa ba sai ta mai su.

Hafsan ya sauke hankicinsa, ya yi murmushi. "Baba, shanunka ba sa jin Turkanci. Taimaka mana."

Kanshaw bai motsa ba. Hafsan ya yi masa bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu, cewa ko ya kora ko bai kora ba za a rataye mutumin, bambancin kawai shi ne ko a bar masa gida da shanu ko a cinna wuta yanzu. Tembot ya dubi ubansa daga saman amalanke.

"Kora su, Baba," ya ce da harshensu. "Ƙafar ta gaji da tsayuwa."

Tsohon ya tako ya tsaya a gaban bijiman, ya ba ɗansa baya. Ya yi musu 'yar ƙarar nan da yake yi da harshe kowace safiya. Suka taka.

Kwana uku aka hana sauke gawar. Washegarin Juma'ar aka fara girbi, kuma gonar da ta fi nuna ita ce wadda ke fuskantar masussuka. Da sassafe Kanshaw ya ajiye lauje a ƙofar ɗakin Zuriyet, ya faɗa wa bango cewa alkama ba ta jiran mai takaba. Ta ɗauka ta bi shi. Duk sanda ta ɗago don ta miƙe baya sai ta hango mijinta a jikin igiya yana juyawa a hankali.

Hafsan ya cika alkawari, har da takarda mai hatimi da ta hana kowa taɓa dukiyar gidan. Da Turkawa suka tafi, maƙwabtan da suka rasa dabbobin huɗa suka kasa noma, gonakinsu suka dawo hannun Kanshaw ɗaya bayan ɗaya. Baƙi suka ci gaba da zuwa cin tuwo, labarin gidan ya sami ƙari: 'ya'ya biyu, duka sun yi shahada, ɗaya a hamada, ɗaya a Gaza. Mutanen ƙauye ba su ƙaryata ba, don kowa ya tsaya ya kalla. Da wannan labarin aka dawo da Hazret, da shi ya girma a gefen kakansa, yana koyon huɗa.

Bayan shekara tara ciwo ya kwantar da Kanshaw, ɓarin jikinsa ya shanye. Zuriyet ce ke juya shi, ta wanke shi, ta ba shi kunu a baki. Da ya ga alamar tafiya ce, ya sa aka kira liman da dattawa ya nemi gafarar kowa, kowa ya ce ya yafe. Sannan ya sa aka kira ta. Bakinsa a karkace, ya kama sunanta, karo na farko tun da aka kawo ta gidan, ya ce ta yafe masa.

"Ban yafe ba," ta ce.

Liman ya matso yana tuna mata cewa Allah yana son masu yafiya, kuma mutumin nan a bakin kabari yake.

"Malam, kai ma kana wurin," ta ce. Ta ɗauki kwanon kunu ta fita.

Kwana huɗu ya ƙara yana kiran sunanta. Tana shiga ta canza masa shimfiɗa ta fito. Ran na biyar ya cika.

Bayan an share makoki ta zaunar da Hazret, lokacin yana da shekara goma sha tara, ta faɗa masa komai, tun daga idon ruwa har zuwa lauje. Ya saurara bai katse ta ba, yana murza kan bulala a hannu. Da ta gama ya tambaye ta, da kakansa bai kai ƙara ba, da an ƙone gidan? Ta ce mai yiwuwa.

"To ai ya yi daidai, Inna," ya ce. "Da yanzu a tasha muke muna dako."

Ya ƙara da cewa ana maganar aurensa da 'yar wani babban gida a Amman, kuma ba ya son a ji cewa ubansa ɗan gudun soja ne, saboda haka maganar ta tsaya a ɗakin nan. Ya miƙe ya ce ma'aikata na jiransa.

Ran kasuwa Zuriyet ta ɗaure kayanta a bargo guda, ta bi masu alfadarai zuwa ƙauyen yayanta. Hazret ya aika mata buhun alkama a girbin farko, ta mayar. Bai sake aikowa ba, kuma ba ta je bikinsa ba.