Murafun Kwalba Biyu a Bakin Taga

A shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, gidan Ummu Salma da ke Jimeta ya cika ya batse. Malamar firamare ce, mijinta Jalo direban babbar mota ne, ba ya zaman gida. Danginsa suka zo daga Maiha, nata suka zo daga Hong, har a falo da kicin ana shimfiɗa tabarma. Ta ƙarshe da ta iso ita ce Keturah, ƙawarta tun suna kwalejin malamai. Ta zo ƙafafu a kumbure, ba ta riƙe da komai sai jakar hannu.

A hanya suka rabu da mijinta Zadok. An yi harbi a bayansu, jama'a suka tarwatse cikin gonaki, shi kuma yana goye da tsohuwar mahaifiyarta wadda ba ta iya gudu. Tun daga ranar wayarsa ba ta shiga.

Keturah tana da lalurar ido tun tana budurwa. Baƙin idonta ya tsiro gaba, tabarau ba ya yi mata komai. A Kano aka auna mata kontak, wasu 'yan ƙananan faifai masu tauri kamar ɓawon kifi, da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Idan suna ciki tana gani tar. Idan ta cire, ko mutum yana gabanta sai ya yi magana take gane shi. Da su a ido ta gudo, kwalbar ruwan wanke su kuma tana cikin jaka, amma ɗan akwatin da take ajiye su ya tsaya a Mubi. Sai ta samo murafun kwalbar ruwa guda biyu, ta wanke, take ɗiga ruwan maganin a ciki tana jiƙa su.

Ranar farko ta nuna wa Ummu Salma, wadda take kira Adda, wato yaya. "Adda, kin ga waɗannan murafun a bakin taga? Idanuna ne a ciki. Don Allah kar yara su taɓa."

"To, na ji," in ji Ummu Salma, tana ƙoƙarin raba tuwo ga mutanen da suka fi ƙarfin tukunyarta.

Kullum da safe Keturah ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauko kowane ɗaya a kan yatsa, ta murza shi da ɗigon ruwan, ta sa a ido, ta fita. Tashar Jambutu take fara zuwa ta tsaya tana duba fuskokin masu saukowa daga motoci. Daga nan ta bi majami'u da makarantun da aka tara 'yan gudun hijira. Da la'asar ta dawo idanu jawur, ta cire su ta kwanta. Ruwan kwalbar yana ta raguwa, har ta koma ɗigo biyu a kowane murfi, don ta ce ruwan famfo ba ya taɓa su.

Ummu Salma ba muguwa ba ce, amma ta gaji. Ba ta barci sosai, ba ta da inda za ta zauna ita kaɗai. Wata safiya ta tashi ta tarar wani yaro ya yi fitsari a kan dardumar sallarta, buhun masara ya kai ƙasa, matan Maiha kuma suna faɗa a kan bokiti. Ranta ya ɓaci. Ta ɗauki tsintsiya da tsumma ta shiga ɗaki tana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji.

"Gida ya zama bola! Kowa ya ci ya jefar, sai ni baiwarku in kwashe!"

Ta kai hannu bakin taga ta share duk abin da ke kai da tsumma: ɓawon gyaɗa, ledar omo, tsinken ashana, da murafun kwalba biyu. Duka suka faɗa cikin bokitin ruwan wanke-wanke. Ta fita ta watsa shi a kwata.

Tana shanya tsumman ta ji muryar Keturah daga ɗaki, a hankali. "Adda, an ɗauke min abina daga taga?"

Ummu Salma ta saki tsumman. A take ta tuna.

Ba ta ɓoye ba. Ta shiga ta durƙusa a gabanta ta ce, "Ni ce. Na zubar a kwata. Wallahi kin faɗa min, na ji, raina ne ya ɓaci ban duba ba."

Keturah ta juyo da fuska wajen muryar, ta ƙanƙance ido. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To yau yaya zan je tasha?"

Ummu Salma ta naɗe zani ta shiga kwata da rariyar tankaɗe. Ta tace taɓo har rana ta yi zafi. Ta samo murafun, ta kuma samo kontak ɗaya manne da ɓawon albasa. Ta ƙulle shi a leda, ta ja Keturah suka hau keke zuwa wani asibitin ido.

Likitan, wani mai suna Bakari, ya ɗaga shi da ɗan hantsaki ya duba a fitila. Ya girgiza kai.

"Ya tsage a gefe. Ko bai tsage ba, abin da ya kwanta a kwata ba zan mayar da shi idon mutum ba."

"Ba ku da wani a nan?" in ji Ummu Salma. "Na ga ana sayar da su a kantin kayan kwalliya, har masu launi."

"Waɗancan masu laushi ne, Hajiya, kamar leda mai riƙe ruwa. Suna bin siffar ido ne, idonta kuma siffarsa ce ta lalace. Nata wata irin roba ce mai tauri wadda iska ke ratsawa, ita ke rufe wurin da ya tsiro. Sai an auna kowane ido a yanko masa nasa. Zan auna ta yau in aika Legas, amma yadda hanya take yanzu, a sa rai da makonni."

Da suka fito Ummu Salma ta ce, "Daga gobe ni zan riƙa duba miki. Ki faɗa min kamanninsa."

Ba ta taɓa ganin Zadok ba, don lokacin bikinsu tana jego. Hotunansa kuma suna cikin wayar Keturah, wadda ta faɗi a daji. Keturah ta ce dogo ne, mai ƙiba, fuskarsa a aske kullum, yana da wushirya. Mama, mahaifiyarta, kuma 'yar ƙarama ce, kanta fari fat.

Haka suka fara. Ummu Salma ta nemi izini a makaranta, ta bar girki a hannun matan da ta zaga. Rigar Keturah ɗaya ce kuma ta yage, sai ta ba ta atamfa da babban mayafi saboda rana. Suna tsayawa a tasha hannu cikin hannu. Duk dogon mutum mai jiki da ya sauko, Ummu Salma ta matsa ta ce, "Malam, kai ne Zadok?" Wasu su yi dariya, wasu su harare ta. Keturah tana kiran sunansa har muryarta ta dishe, amma ƙarar injina da ihun 'yan kamasho suna haɗiye kiran. Sun je sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, sun je na Damare. Duk inda suka dawo hannu banza, Ummu Salma ba ta iya cin abinci. Abin da ya fi damunta shi ne Keturah ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai ma ta ce, "Useko, na gode, Adda, kin sha rana saboda ni."

Kontak ɗin bai riga ya iso ba wani fasto ya kira wayar Ummu Salma, don ta bar lambarta a duk inda suka bi. Ya ce akwai mai suna Zadok a wata majami'a a Girei. Suka tsallaka gada a ranar.

Mutumin da ya taso ya tare su ba shi ne wanda aka kwatanta wa Ummu Salma ba. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa, gemu ya rufe masa baki. Keturah ta gane shi da murya, ta riƙe shi tana shafa fuskarsa. Sannan ta ce, "Ina Mama?"

Ya ce ta rasu. Shekaranjiya aka binne ta. Gudawa ce ta kama ta tun a daji, jikin ba ƙarfi.

Bayan an zauna, yana ba da labarin hanya, ya ce motar da ta kwaso su a Jambutu ta sauke su. Sun yi kwanaki a can, a rumfar mai shayi da ke bakin ƙofa, Mama tana kwance a kan kwali, ya lulluɓe ta da bargo. Kullum tana cewa Keturah za ta zo. Ya ce shi ma yana ta duba mata masu wucewa, amma wa zai ce masa ya nemi matarsa cikin mayafi.

Ummu Salma ta san rumfar. Ta tuna wani ramamme mai gemu a zaune kusa da wani abu da aka lulluɓe. Ta dube shi, ta ce a ranta wannan ba mai ƙiba ba ne, ta ja hannun Keturah suka wuce. Ta tashi ta fita bayan majami'ar, ta dafa bango ta yi amai.

A hanyar dawowa ta faɗa wa Keturah cewa sun wuce su a rumfar. Keturah ta jingina kai da gilashin mota har suka sauka.

Sabon kontak ya iso, har da akwatinsa da babbar kwalbar ruwa. Keturah da Zadok ba su koma Mubi ba. Suka kama haya a Sangere, ita tana koyarwa, shi yana noma. Zumunci bai yanke ba, Ummu Salma ce ma ta yi mata zaman jego a haihuwarta ta fari. Amma har yau idan hanya ta bi da Ummu Salma ta Jambutu sai ta sunkuyar da kai.

Bara suna zaune a tsakar gidan Keturah suna ɓare gyaɗa, maganar ta taso.

"Adda, ki sauke wannan kayan," in ji Keturah. "Mama ta riga ta jigata. Ko mun same su ranar, ba lalle ta tashi ba."

"Na sani. Amma da kin gan ta."

Keturah ta ci gaba da ɓarewa.

"E," ta ce. "Da na gan ta."

Sai ta miƙe ta kaɗe zaninta, ta ce su shigar da gyaɗar ciki, hadari ya taso daga wajen kogi.