Wuƙar Wuyan Ndayako

Ndayako ya bar ruwa, amma wuƙar ruwa ba ta bar wuyansa ba. 'Yar ƙarama ce, tsawon kaifinta bai wuce ɗan yatsa ba, ƙotarta ta icce, kubenta na fatar akuya wadda gumi ya mayar baƙa wuluk. Tana rataye a ƙirjinsa cikin riga da igiyar taru, kuma ita kanta ƙotar an huda ta an ɗaure ta da wani zare mai tsawo a jikin igiyar. Haka masunta ke yi a ƙauyensu can wajen Zungeru. Wanda taru ya harɗe wa ƙafa a ƙarƙashin ruwa ba shi da lokacin lalube a aljihu, wuƙar da ta suɓuce a kogi kuwa ta tafi ke nan. In tana wuya, duk hannun da ya samu sarari zai kai gare ta.

Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, sai ya kwaso iyalinsa zuwa Minna, ya kafa tebur a wani layi cikin Tunga yana sayar da busasshen kifi. Wuƙar ma ta samu aikin birni: datsa kifi, tsinka ƙullin leda, ɓare lemu, gyaran farce. Bai daɗe a layin ba, kuma mutumin gari ka san shi, zai haddace farashin kifinka kafin ya ɗaga kai ya ga fuskarka.

Mutum ɗaya ce ta san shi sosai, Magdalene mai gasa doya da agada a gefen teburinsa, wadda kowa ke kira Maman Gift.

"Baba Nda, abin wuyanka ɗin nan zai ja maka magana," in ji ta wata rana da ta ga ya zaro ta. "Nan ba bakin kogi ba ne fa. Garin nan yanzu ko allura suka gani a hannun mutum, sai su ce ɗan ƙwace ne."

"Maman Gift, wa zai ji tsoron wuƙar da ko kaza sai ta yi mata dariya?"

"Ni dai na faɗa maka."

Tana da gaskiya. Yaran ƙwacen waya sun addabi unguwar, sun soki wani tela a layin baya, sun yanki hannun wata ɗaliba, ba a kama kowa ba. Wanda maciji ya taɓa sara kuwa, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ndayako ya gwada barin wuƙar a gida, ya wuni yana shafa ƙirji kamar wanda ya manta wando, washegari ya mai da ita. Sabo turken wawa.

Ranar da abin ya faru, an kira la'asar, mazan layin sun rufe shaguna sun shige masallacin da ke ƙarshen layi. Magdalene ta tafi sayen gawayi ta bar masa amanar murhunta, shi ya sa bai bi su ba. Yana tsugune a bakin kwalbati yana alwala, yana jiran ta dawo, sai wani ɗan acaɓa ya shawo kwana da wata mata a baya, sanye da dogon hijabi ruwan toka, ta rungume kular abinci a cinyarta.

Ndayako ya ga lokacin da gefen hijabin ya leƙa cikin tayar baya. Ya buɗe baki zai yi magana, abin ya riga shi. Kan matar ya fizgu baya, ta baro sirdi, babur ya yi tangal-tangal ya kife, ya ja ta a ƙasa kaɗan sannan ya mutu. Kula ta fashe a kwalta, jar miya ta malale. Ɗan acaɓan ya miƙe yana ɗingishi, ya leƙa fuskar matar, ya waiga hagu da dama, sai ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya bar babur, ya bar takalmi ɗaya, ya faɗa lungu.

Ndayako ya yar da buta ya isa wurin. Taya ta naɗe hijabin tsaf, ta murɗe shi ya zama igiya, igiyar ta zagaye wuyan matar ta janyo kanta dab da sarƙar babur. Idanunta sun firfito, leɓɓanta sun fara baƙi, ƙafafunta suna shure-shure a hankali. Goshinta ya fashe yana jini. Ya san wannan fuskar, ya sha ganin ta a jikin waɗanda aka tsamo daga kogi, kuma ya san tsakanin wanda ake tsamowa ya tashi da wanda ake tsamowa a rufe, 'yan numfashi ne kawai.

Zuciyarsa ta ce masa matar wani ce, ga shi ba kowa a layin da zai shaide shi. Ya ji tsoro ƙwarai. Amma hannunsa ya riga ya shiga riga.

Bai ja hijabin ba. Abin da ya harɗe ba a jan sa, ƙara shaƙewa yake. Ya sa wuƙar ya datse shi tsakanin taya da wuya, kanta ya faɗo a tafinsa. Sai dai murɗin da ke wuyan bai saki ba, ya hau kan kansa ya ƙulle ta ƙeya, ya nutse cikin nama har babu inda yatsa zai shiga. Dole ya juya ta ya nemo bakin ƙullin, juyawa kuwa sai da hannu biyu. Sai ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro a cikin kwalekwale: ya sa wuƙar a baki ya cije ta da haƙora.

A haka mutanen masallaci suka fito suka gan shi. Baƙon mutum durƙushe a kan mace, kanta a buɗe, hijabinta a yage, hannuwansa jina-jina a wuyanta, ja ya malale a kwalta, ga wuƙa a bakinsa.

"Ɗan ƙwace ne," wani ya ce, ba da ƙarfi ba ma.

"Ya kayar da su. Ga mashin ɗin nan."

"Yanka ta zai yi!"

Ndayako ya ji su. Ya ji takun ƙafafu suna tahowa, ya ji ƙarar katakon benci da wani ya ɓalle. Lungun da ɗan acaɓa ya bi yana nan a hagunsa a buɗe, kuma duk da shekarunsa ƙafarsa ba ta mutu ba. In ya tashi yanzu wataƙila ya sha. Amma kafin waɗannan mutane su gama ihu su lura da abin da ke wuyanta, kafin wani ya ruga shago ya nemo almakashi, ta tafi. Ya so ya ɗaga kai ya yi musu bayani, bakinsa a cike yake da ƙarfe, Hausar ma ta gudu ta bar shi da Nufanci tsagwaro a ka. Ya sunkuya ya ci gaba da laluben ƙulli.

A gaban taron akwai wani saurayin magidanci mai shagon kayan wuta, Suleiman. Shi ba matar ya fara ganewa ba, kular ya gane, sannan takalmin da ke ƙafarta. Abincinsa ne a zube a titi, matarsa ce a kwance.

"Ramatu," ya ce, sai ya fizge katakon daga hannun mai riƙe da shi.

Dukan farko a gadon baya ya sauka. Ndayako ya ji numfashinsa ya ɗauke, haƙoransa suka ƙara datse wuƙar. Ya rufa a kan matar don kada na biyu ya same ta, kuma daidai nan ɗan yatsansa na hagu ya samu wata 'yar kafa a bayan kunnenta ya kutsa. Ya zare wuƙar daga baki da hannun dama.

Ganin ta a hannunsa ya ƙara haukata su. Dutse ya same shi a kunne. Wani ya shure shi a haƙarƙari, wani ya kama wuyan rigarsa yana ja, rigar ta yage ta bi shi. Ya kwantar da wuƙar a kan yatsansa, kaifin yana kallon waje, ya tura ta ƙarƙashin murɗin ya fara gurzawa. Yadin roba ne mai taurin tsiya, ga shi ninki a kan ninki. Zare yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ya kai rabi.

Suleiman ya ɗaga katako da hannu biyu ya auna hannun da ke riƙe da wuƙar. Bai kuskure ba.

Ndayako ya ji ƙarar kafin ya ji zafin. Yatsunsa suka buɗe da kansu, wuƙar ta faɗi, wani ya kai ƙafa zai shure ta can. Ba ta kai ƙasa ba, ta tsaya tana lilo a zarenta a ƙarƙashin ƙirjinsa. Ya zaro hannun hagu daga wuyan matar ya cafke ta. Yanzu babu yatsan da zai tare kaifi daga fatarta, sai dai ya yi a makance, idonsa ɗaya jini ya rufe shi. Ya kira sunan Allah da harshen uwarsa, ya mai da wuƙar cikin tsagar da ya fara, ya ɗaga ta sama da dukan ƙarfin da ya rage masa.

Murɗin ya tsinke.

Suka janye shi ta ƙafa, bayansa yana gurzar kwalta. Ya dunƙule ya rufe kai, duka yana sauka ta ko'ina, wani yana cewa a kawo taya a ƙone shi, wani yana cewa a kira 'yan banga tukuna. Shi duk ba wannan yake saurare ba. Kunnensa yana can wajen babur, kuma can ɗin shiru.

Sai ga wani sauti mara daɗin ji, kamar ana jan ruwa da tsohon famfo. Ya tsaya, ya sake dawowa, sannan tari ya biyo baya, tari mai tsawo mai kakari.

Daidai nan Magdalene ta shigo layin da buhun gawayi a ka. Ta jefar da shi, ta ratsa maza tana ture su da kafaɗa, ta faɗa a kan Ndayako ta baje zanenta ta rufe shi.

"Ku kashe ni tare da shi. Baba Nda ne, mai kifi. Kai Sheshi, ba jiya ka ci kifinsa a nan ba? Ku duba tayan mashin ɗin mana, ba ku da ido ne?"

Hannuwa suka tsaya a sama. Wani dattijo ya je ya tsuguna gaban babur, ya ja guntun hijabin da ya naɗe a taya, ya ƙi fitowa. Ya sake ja da ƙarfi, ko motsi bai yi ba. Sai ya miƙe ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Suleiman yana durƙushe ya tallabo kan matarsa. Ya zare ragowar yadin daga wuyanta, ya ga shatar murɗin ta zagaye shi, baƙa, mai zurfi. Ya bi wuyan da yatsa yana neman inda aka yanke ta. Ban da wani ɗan ƙwarzane a bayan kunne, babu komai. Ramatu ba ta iya magana, iska kawai take ja tana damƙe da rigarsa.

Taro ya fara narkewa ta baya. Masu duwatsu suka sake su a hankali a gefen ƙafa, kowa ya tuna yana da shago. Abin haushin ke nan da taro, a wajen duka kowa na da hannu, a wajen kunya babu mai fuska. Wasu mata suka kawo mayafi suka rufa wa Ramatu kai, aka tsayar da keke mai ƙafa uku aka sa ta a ciki, mai keken yana cewa a yi sauri.

Suleiman ya sa ƙafa ɗaya a keken, sai ya fasa. Ya dawo inda Magdalene ke goge wa Ndayako fuska da bakin zane. Katakon yana nan yashe a tsakaninsu, ya tsallake shi. Ya tsuguna a gabansa.

Ndayako ne ya riga shi magana, da ido ɗaya a buɗe.

"Yana numfashi?" ya tambaya da guntuwar Hausar da ta dawo masa.

"Tana yi, Baba."

"To, alhamdu lillahi."

"Baba, akwai wuri a keken. Tashi mu tafi asibiti tare, don Allah."

Ya miƙa hannu zai ɗaga shi, ya kama na dama. Ndayako ya runtse ido, gumi ya karyo masa.

"Kama ɗayan, ɗana," ya ce. "Wannan ka riga ka gama da shi."