Keke Mai Shokazoba Biyu

Mairam tana tsintar shinkafa a tsakar gida aka shigo da keken. Ta san yadda mijinta Abdulwahid yake shigowa da shi: sai ya ɗaga tayar gaba a bakin zaure, ya yi gyaran murya, sannan ya yi sallama. Ranar sai ta ji taya ta bugi dokin ƙofa. Ta ɗaga kai, ta ga Kawu, ƙanin mahaifiyar mijinta, yana turo keken, laka har sirdi, ruwa yana ɗiga daga tayoyinsa.

"Kawu, ina mai keken?"

Kawu ya jingine shi a bango, ya goge hannu a rigarsa. "Mairam, ajiye faifan nan tukuna."

Ba ta ajiye ba.

"Jinga ce ta zabtare da shi a hanyar Auyo, ya faɗa ruwa. Masunta sun fito da shi, amma rai ya yi halinsa. Sai haƙuri."

Ta dubi Kawu, ta dubi keken. Ko waya ɗaya ba ta tsinke a tayar ba. Ta ji bakinta yana cewa, "To akwatin allurar fa? Ƙanƙarar za ta narke." Daga nan ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafa, sai da maƙwabciyarta Rahila ta zo ta ɓamɓare faifan daga hannunta.

Aikin Abdulwahid kai allurar rigakafi ne ƙauyukan fadama. Shekara da shekaru yana bin hanyoyin nan a kan baƙin keke irin na da, har bayansa ya lalace, ya kai ga yin salla a zaune. Mijin Rahila, Malam Habila, malamin firamare ne mutumin Jos, yana da wani keke mai kaurin taya da shokazoba biyu masu shanye dukan hanya, gaba da baya. Mairam ce ta fara ganin yadda yake bi ta kan rami kamar babu rami. Ita ta matsa. Abdulwahid ya ce keken yara ne, ya ce mutane za su yi masa dariya. Ta sayar da awakinta biyu ba ta gaya masa ba, ta roƙi Malam Habila ya taho masa da irinsa daga gwanjon Jos. Yau shekara uku ke nan.

Kafin magariba aka kai shi. Mairam ta shiga takaba.

Ɗakinta yana da taga ƙarama da ta kalli ƙofar gida, inda aka shimfiɗa wa maza tabarmi. Mata sun cika tsakar gida, saboda haka Kawu ya mayar da keken bakin zaure, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya gan shi. Ranar farko addu'a kawai take ji. Rana ta biyu da hantsi, da aka ɗan sarara, sai hira ta koma kan keken.

"Ni fa na taɓa mallakar irinsa," in ji Yunusa mai kifi. Ta gane muryarsa, shi ne mai magana kamar yana talla. "Wata huɗu na rabu da shi. Kana taka feda yana lilo da kai, rabin ƙarfinka sifirin ne ke shanyewa. Ka isa Hadeja daga Guri kamar ka yi noman kwana biyu."

"Ai ba ka iya ɗaure shi ba ne," in ji Malam Habila. "Akwai wurin matsewa."

"Wurin matsewa! To wurin ɗaura kaya fa? Keke babu kariya, ina zan sa kwandon kifi, a kaina? Shi ya sa marigayi yake goya akwatinsa kamar mai jego."

Wani ya yi dariya, ya tuna inda yake, ya mayar da ita tari.

"Kai kifi kake ɗauka, Yunusa, kifi ba ya fashewa," in ji Malam Habila. "Shi kwalabe yake ɗauka. Tun da ya hau keken nan ko ɗaya ba ta ƙara fashe masa ba. Ni kuma da nake zuwa makaranta a kai, in sauka in tsaya gaban allo har azahar, bayana lafiya lau."

"Laka fa, Malam? Ta shiga gaɓoɓin nan ya dinga kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ka kai wa mai gyara ya juya shi ya juya, ya ce sai Kano. Ga nauyi kamar jaki. Wannan keken duwatsunku ne na Jos, ba na ƙasar ruwa ba. Wallahi duk wanda ya ba marigayi shawarar sayensa bai kyauta masa ba."

"Yunusa!" in ji Kawu. "Gidan makoki ne nan."

Sai wani ya ja fatiha.

Mairam tana zaune a kan tabarma, carbi a hannu, ba ta ja ko ɗaya ba. Babu wanda ya san maganar awakin sai ita da Rahila da Malam Habila. Tun daga wannan magana ta daina cin abinci. Mata suka ce zafin rashi ne. Ita kuwa tambaya ɗaya ce ta tokare ta: keken ne ya kashe shi, ko ba shi ba ne?

Bayan sadakar uku, da la'asar, ta ce wa Rahila, "Kira min maigidanki. An ce tare suke ranar."

Malam Habila ya tsaya daga bayan labule, Rahila ta zauna a bakin ƙofa tsakaninsu.

"Maman Amira, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Malam, na ji duk abin da kuka faɗa a waje. Na ji kana yabon keken. Don ka san ina ji ne?"

Kafin ya amsa ta ci gaba.

"Ni ban yi boko ba, amma ba yarinya ba ce ni. Ka gaya min yadda aka yi."

Ya numfasa. "Mun fita tare da safe, shi yana gaba ina biye. Ruwa ya cika har ya kusa kan jinga. Mun tarar da mutum uku sun sauka daga kekunansu suna turawa a hankali, ta gefen gona. Na ɗauka gajiya ce. Ashe jingar ta fara tsagewa, ruwa ya ci ta ta ƙasa. Su masu keken da, tsagar ta dinga dukan hannunsu da ƙugunsu, jikinsu ya gaya musu ƙasa ba lafiya, suka sauka. Namu kuwa... Namu yana shanye duka. Ban ji komai ba, Maman Amira. Na tabbata shi ma bai ji ba. Ya wuce su yana ɗaga musu hannu. Taku kamar ashirin a gabana ƙasa ta tafi da shi."

Rahila ta toshe baki da gyale.

"Da a baƙin kekensa yake," in ji Mairam, "da ya sauka?"

"Kwana idan ya ƙare..."

"Na san wannan, limamai sun gaya min. Kai nake tambaya. Da ya sauka?"

"Ina jin da ya sauka."

Ta gyaɗa kai, ko da yake ba ya ganinta. Ta yi zaton idan ta ji za ta kurma ihu. Sai ta ji jikinta ya yi sanyi tun daga tafin ƙafa, kamar ita ce a cikin ruwan.

"Amma tun da gaskiya kike so, ki ji ta duka," in ji Malam Habila. "Ba ƙarya na yi a waje ba. Bara da azumi ya same ni a ƙofar makaranta yana murna kamar yaro. Ya ce ya yi tarawihi a tsaye daga farko har ƙarshe, ya yi ruku'u, ya kai goshinsa ƙasa, abin da ya shekara biyar bai yi ba. Ya ce min, 'Habila, matar nan ta mayar min da sallata.' Ni ba Musulmi ba ne, amma na ga fuskarsa."

Mairam ba ta taɓa jin wannan maganar ba. Abdulwahid ba mai faɗar irin wannan ba ne a gida. Sai a lokacin kukan ya zo mata, kwana uku bayan zuwan labari.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Ba wani abin kirki ya bari ba: gidan, da 'yar gonar shinkafa, da rediyo, da keken. Kawu ya ce a fitar da keken daga gidan tun kafin a fara, a kai kasuwa, kada ya dinga tayar mata da hankali. Mairam ta aiko daga ɗaki ta ce a sa mata shi a cikin tumuninta na takaba.

Kawu ya taso da kansa har bakin labule. "Mairam, kina cikin hankalinki? Abin da ya kai shi ruwa?"

"Shi ne, Kawu."

"To me za ki yi da shi? Hawa za ki yi?"

"A'a. Ina so ne kawai."

Ya tsaya yana jiran ƙarin bayani, bai samu ba. Ya koma yana salati. Aka ba ta.

Da aka shigar da keken rumfar tsakar gida, Malam Habila ya aiko Rahila da saƙo. Ya ce irin wannan keken ba ya son zama, idan aka bar shi a jingine shokazobar za ta ƙage, sai a dinga ɗan motsa ta. Shi dai bai daina hawa nasa ba, amma Rahila ta ce yanzu duk inda ya ga jinga sauka yake yi ya tura.

Kullum da safe, idan Amira da ƙannenta sun tafi makaranta, Mairam takan je rumfar kafin ta ɗora tukunya. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan sirdin, ta danna da nauyin jikinta. Keken ya nutsa ƙasa. Ta ɗauke hannu, ya taso a hankali, kamar yanzu mutum ya sauka daga kai.