Akuyar da Za a Miƙa wa Anatole

Da yaƙi ya ƙare, babu abin da ya rage a ƙauyen su Hortense Vasseur sai ɓaraguzai da mutanen da suka san asirin juna. Matan Amurka ne suka zo da manyan motoci, suna rabon barguna, irin shuka, kaji da awaki. Hortense ta samu akuya mai ciki, amma da sharaɗi: in ta haifi mace, da zarar an yaye ta sai a miƙa wa maƙwabci na kusa, shi ma ya yi wa na gaba haka, har kowa ya samu.

Maƙwabcin kuwa Anatole Duquenne ne. Shi ya nuna wa Jamusawa rumbun da mijinta Firmin ya ɓuya, don su bar masa dokinsa. Aka tasa ƙeyar Firmin zuwa aikin tilas, ko gawarsa ba ta gani ba. Dokin ma daga baya suka ƙwace, Allah ya ƙara. Yanzu ga tsohon nan kullum a coci, kai a sunkuye kamar na Allah, yana renon jikarsa marainiya da jiƙaƙƙen burodi.

Akuya ta haifi mace. Hortense ta bar ɗiyar ta sha nono ta yi ɓul-ɓul. Ranar miƙawa ta wasa wuƙa, ta yanka ta, ta gasa da tafarnuwa har ƙamshi ya cika layin. Ta ɗora cinya a faranti, ta tsaya a ƙofar Anatole, jama'a na leƙe.

"Baba Anatole! Fito ga akuyarka. Na hutar da kai kiwo."

Ya fito da jinjira a kafaɗa, ya dubi farantin. "Hortense, yarinyar nan me ta yi miki?"

"Firmin me ya yi maka, munafuki? Ci mana, da sauran zafinta!"

Rabonta da jin daɗi irin na ranar tun kafin yaƙi.

Da rana sai ga Mis Whitcomb, shugabar masu rabon, rai a ɓace. "Madam Vasseur, ɗiyar nan ba taki ba ce. Kin karya alkawari."

"Tambaye shi wanda ya fara karyawa."

Ba ta tambaya ba. Su dai Amurkawa in sun kafa ƙa'ida, ko uwarsu ba sa ɗaga wa ƙafa. Mis Whitcomb ta kwance uwar akuyar, hantsa cike, ta ja ta zuwa gidan Anatole. Garin neman ƙiba an samo rama: ɗiyar da sai baɗi za ta ba da nono, ga shi yau ɗin nan jikarsa za ta ƙoshi.

Washegari da safe aka ƙwanƙwasa. Anatole ne, riƙe da kofin nono mai ɗumi.

"Maƙwabciya, ga naki. Na san ba zai biya komai ba."

Ta karɓa. Tana kallon tsakiyar idonsa, ta tsiyaye shi a hankali a kan takalmansa, har ɗigon ƙarshe.

"Gobe ma ka kawo," in ji ta. "Kullum ka kawo, in zubar kana kallo."

Ya kuwa ci gaba da kawowa.